Malam Edita, Mu Ma Fa Masu Faci Ne, Sai Dai Namu Ba Na Taya Ba Ne

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, ya kuma fama da zafin nan. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Na daɗe ina son in rubuto maka amma kullum sai in ce wa zai karanta wannan shirmen, to yau dai na ce bari in rubuta ko mutum biyar ne suka karanta ai an rage. Abin da ya tunzura ni shi ne duk sanda na buɗe shafinku na kimiyya da fasaha maganar ba ta wuce matasa su koyi haɗa manhajar waya, su koyi haɗa shafin intanet, yanzu kuma kowa ya koma AI AI kamar an yi mana wahayi. Ba na cewa laifi ne wallahi, da yawa suna cin abinci da shi, amma akwai wani aiki can ƙasa, na kula da kayan gina manhaja da yi musu faci, wanda duk waɗannan suke zaune a kansa, babu mai ɗaukar hotonsa babu mai kiran mai yinsa ya yi jawabi a taro, kuma ranar da aka sake shi ranar ake gane akwai shi.

Ni ƙaramin shago gare mu, mu huɗu ne da yaro ɗaya mai koyon aiki, muna haɗa ɗan akwatin da ke kula da famfon sola na rijiyar burtsatse, shi ke duba ƙarfin rana ya tada famfo, in ruwa ya janye ya kashe shi kafin injin ya ƙone. A cikin akwatin akwai ɗan mitsitsin abu da bai kai ƙumbar babban yatsa ba, irin wanda 'yan kasuwar waya ta Farm Centre suke ce wa aisi, shi ne ƙwaƙwalwar. To wannan aisi ba ya jin Turanci ba ya jin Hausa ba ya jin ma yaren C da muke rubuta masa umarni da shi, lamba kawai yake ji. Tsakanin abin da na rubuta da abin da yake ji akwai ma'aikata uku a jere. Na farko kwamfaila, mu GCC muke amfani da shi, shi ne tafinta, yana juya C zuwa ƙananan umarni irin su ɗauko wannan, tara da wancan, ajiye a can, tsallaka zuwa layi kaza. Na biyu asembila, shi kamar magatakarda ne, yana karɓar waɗannan ƙananan umarni ya rubuta kowanne da ainihin lambar da aisi ya sani. Na uku linka, shi ne mai ɗinke littafi, ya tattara gutsattsarin ya jera su ya ba kowa adireshi. Daga nan sai fulashin, a ɗura a aisi.

Maganata yau a kan na tsakiyan ne, magatakardan. Sunansa gas, ba gas na girki ba don Allah kar wani ya ce na zo tallan tukunya, taƙaitawa ce ta asembilan GNU, wato shirin nan na haɗa manhajojin da kowa zai iya karanta rubutunsu ya gyara, yana cikin wani ƙunshi da ake kira binutils tare da linka ld da objdump da readelf da sauransu. Tsoho ne sosai, Richard Stallman ya sanar da shirin GNU a 1983, GCC ya fito a 1987, shi ma gas tun shekarun 1980 ɗin nan yake, wato ya girmi yawancin waɗanda ke amfani da shi yau. Aikinsa a ido mai sauƙi ne. Misali a aisi irin na RISC-V in ka rubuta nop, wato kar ka yi komai, sai ya duba teburinsa ya rubuta 00000013 a lissafin heks, shikenan. Amma fa teburin nan layi dubbai ne, kowane layi da sunan umarni da irin abin da yake karɓa da lambarsa, in lamba ɗaya ta goce babu mai gaya maka, shi dai zai rubuta abin da ke teburinsa ya miƙa gaba.

Toh ina faci ya shigo? Wallahi da na fara jin kalmar a wannan harkar dariya na yi, don abin da Turawan suke nufi shi ne dai abin da mai facin bakin titi yake yi, da abin da tela yake yi wa gwiwar wandon ɗan firamare. Ba ka saƙa sabon yadi, guntu kake yankowa ka liƙa a inda ake buƙata. Faci ɗan fayil ne da ke cewa a fayil kaza, cire wannan layin, sa wannan. Layin cirewa da alamar ragewa a gabansa, na ƙarawa da alamar tarawa. Manhajar da ke liƙa shi sunanta ma patch, Larry Wall ya rubuta ta a 1985, har yau ita ake amfani da ita. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne yadda faci yake gane wajen zamansa. Ba lambar layi kaɗai yake bi ba, yana tafe da layi uku na sama da layi uku na ƙasa a matsayin shaida. Kamar kwatancen gida ne a cikin gari, ka shiga lungun bayan masallaci, ka wuce mai shayi, gida mai baƙin ƙyaure kusa da injin markaɗe. Muddin unguwar tana nan yadda take za ka je. In an matsar da komai gaba kaɗan zai lalubo ya ce na same shi amma ya goce da layi kaza. In mai shayin ya tashi to zai iya kau da kai daga shaida ɗaya ko biyu ya yi kirdado ya liƙa, ya rubuta maka kalmar fuzz a allo wadda yawancinmu ba ma ko kallonta. In kuwa an rushe lungun gaba ɗaya an yi titi sai ya ɗaga hannu ya ce ya kasa, ya zubar maka da guntun a wani fayil mai ƙarewa da .rej, kai ka san yadda za ka yi da shi.

Mu abin da ya sa muke da faci shi ne arha, ba zan ɓoye ba. RISC-V tsari ne da aka fara a jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a Amurka a 2010, buɗaɗɗe ne, kowa zai iya ƙera aisi a kansa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, har ma an bar fili a cikinsa na musamman don kamfani ya ƙara nasa umarnin. Binutils ya karɓe shi a hukumance a zubi na 2.28, wato fitowarsa mai wannan lambar, a 2017. To aisin da muke saya, na wani kamfani ne a ƙasar waje ba sai na kama suna ba, sun ƙara wasu gajerun umarni nasu na kansu masu bit 16 maimakon 32, don manhaja ta ƙanƙance ta shiga ɗan wurin da ke ciki, mu kuma wurin ya yi mana kaɗan ƙwarai saboda haka ba mu da zaɓi sai mun yi amfani da su. Su kuma gas na asali bai san da su ba. Kamfanin ya ba da nasa gyararren gas ɗin, tsohon zubi, ya ajiye ya yi gaba abinsa.

Wani abokin aikinmu, mutum mai kai wallahi Allah ya ba shi, shi ya zauna ya kwatanta nasu da na asali ya tsamo bambancin ya yanka shi faci faci har 14, ya ƙara da nasa gyare-gyaren, shekara da shekaru shi ke ɗawainiya da su mu namu kawai mu danna mu ga ya yi. Sai Allah ya yi masa buɗi ya samu aiki ya bar garin, mun yi murna mun ci kaji. Ya bar min folda ɗaya a filash. Na buɗe Malam Edita, sunayen fayil ɗin su ne gyara1, gyara2, gyara2sabo, gyara2sabonagaske, wani kuma sunansa kartabawannan. Babu layi ɗaya da ya ce me ya sa aka yi wannan, wace matsala ya magance, daga ina aka samo shi, wanne ake fara liƙawa. Duk a kansa suke, kan kuma ya hau jirgi.

Na san wani zai ce to ku zauna a kan tsohon mana tunda yana aiki, wa ya aike ku. Mun zauna ɗin ai, kusan shekara biyu ban taɓa komai ba. Amma duniya ba ta zauna tare da mu ba. Binutils kusan sau biyu a shekara suke fitar da sabon zubi, ɗaya a farkon shekara ɗaya wajen tsakiyarta, 2.40 a Janairun 2023, 2.41 a Yulin shekarar, 2.42 a Janairun 2024, haka dai. GCC sabo yana fitar da rubutun da yake sa ran sabon gas zai gane, ɗakunan manhajar da muke aro su ma suna gaba, laftof ɗin da tsohon yake kai ta fara tari, sabuwar kuma da na gwada gina tsohon a kanta sai kurakurai kamar ruwan Agusta. Ga kuma wani sabon aisi da muke son komawa kansa wanda tsohon bai ma san an haife shi ba. Ka ga kenan zaman ma bashi ne, kullum yana ƙaruwa, kuma ranar biya ba kai kake zaɓa ba.

Kuma kar a ɗauka mu ƙanana kaɗai abin ke sama. Da 2.38 ya fito a Fabrairun 2022 sun canza wane zubin ƙa'idar RISC-V gas zai ɗauka in ba a faɗa masa ba, a sabuwar ƙa'idar an ware wasu umarni daga cikin gindi an mai da su ɓangare mai zaman kansa, Zicsr da Zifencei, kawai sai gas ya fara cewa bai san csrr ba, umarnin da jiya jiya ya sani. Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ita kanta ta ƙi ginuwa wa RISC-V sai da aka gyara, U-Boot mai tada na'ura in an kunna ta ma haka. Da 2.39 ya zo linka ya fara ihun gargaɗi a kan ɓangaren manhajar da ake iya rubutu a cikinsa kuma a gudanar da shi, masu gini da suka saita cewa gargaɗi ma kuskure ne duk suka tsaya cak. Da 2.41 ya zo ya ƙi karɓar wani layi a FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da sauti, da ya shekara da shekaru yana wucewa, kuma laifin ba na gas ba ne layin ne dama da gyara a jikinsa, to duk manhajar da ta kwafi tsohon FFmpeg ta ajiye a cikinta sai da aka bi ta da faci. Waɗannan fa manya ne masu ɗaruruwan idanu a kansu.

To ranar da na ce bismillah zan ɗauke facinmu 14 daga tsohon zubi in kai su sabo, ban yi dabara ba, na bari sai da oda ta matso, an ce ba a fafe gora ranar tafiya amma ni a ranar na fafe. Da daddare ne bayan isha'i, an ɗauke wuta, inbata tana ta ƙara tana min kashedi, sauro kuma sun samu nama. Na farko ya shiga, na biyu ya shiga da gocewa, na uku ya faɗi, na huɗu ya faɗi saboda a kan na uku yake tsaye, kafin in kai ƙarshe fayilolin .rej sun cika folda. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, in buɗe tsohon tc-riscv.c, fayil ɗin gas da ke kula da RISC-V, a hagu sabo a dama in nemo inda unguwar ta koma, wani wajen aikin da ke cikin fayil ɗin an raba shi biyu, wani an canza masa suna, wani an ƙara masa abin da yake karɓa. Kwana uku ina wannan.

A dare na uku ne na yi ɓarnar. Ina cikin fayil ɗin da ake ajiye lambobin umarni sai na ga ashe sabon zubin ya riga ya zo da wani umarni mai suna iri ɗaya sak da ɗaya daga cikin namu, na ɗauko baiti ɗaya daga ma'adana, shi ma gajere. Na ce Alhamdulillah ashe sun karɓi abin a gidan asali, an rage min kaya, na goge lambarmu na bar tasu. Komai ya ginu tsaf babu kuskure babu gargaɗi. Na ɗura a akwati ɗaya a kan tebur fitila ta kama allo ya nuna ƙarfin batir, na ce shikenan, na ɗura a guda shida na kwanta.

Bayan kwana biyu wayata ta yi ƙara ana kiran la'asar, wani dattijo ne da muka kafa wa guda biyu a gonarsa ta tumatir wajen Kura. Ya ce injiniya kana ina, na ce Baba ina shago lafiya dai ko, ya ce ina fa lafiya, abin nan naka da safe yana aiki lafiya lau, da rijiya ta ja baya maimakon ya kashe famfo sai ya sandare, fitila a kunne allo a tsaye famfo yana ta gurnani a busasshiyar rijiya, ba don yaron nan ya ji ƙarar ta canza ya ruga ya zare waya ba da yanzu wani zancen muke. Na ce Baba ka yi haƙuri gobe da sassafe ina nan. Ya ce ni dai ɗana ban san faci ban san me ba, kuɗi na biya, tumatir kuma ba ya jiran injiniya. Gaskiya ya faɗa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Washegari na hau mota da tsohuwar laftof ɗin nan mai tari a jaka na mayar masa da tsohon fulashin, na tsaya a rana har rijiya ta janye na ga ya kashe da idona sannan na taho, sauran huɗun ma na bi su na kwashe.

Neman dalilin shi ya fi cin raina. Na buɗe manhajar da objdump, wanda aikinsa shi ne ya mai da lamba zuwa suna don mutum ya karanta, na bi wajen da ke kashe famfo layi layi, komai daidai, sunan umarnin nan yana nan inda ya kamata. Na kwana biyu ina zargin waya, ina zargin na'urar jin ruwa, har yaron shago na harara ko shi ya yi walda ba daidai ba, Allah ya yafe min. Abin da na manta shi ne gas da objdump teburi ɗaya suke karantawa, yana cikin foldar opcodes, to in teburin ya yi ƙarya duk su biyun ƙarya ɗaya za su yi, wanda ya rubuta da wanda aka kira shaida 'yan ɗaki ɗaya ne. Sai da na haƙura da sunaye na jera ɗanyun lambobin tsohon gini da na sabo gefe da gefe sannan na ga baiti biyu sun bambanta. Ashe suna ne kawai ya zo ɗaya. Nasu na wani sabon ɓangaren ƙa'ida ne da aka amince da shi daga baya, lambarsa daban, aisinmu bai taɓa jin ta ba, yana isowa wajen sai ya ce wannan ba umarni ba ne ya faɗa tarko ya zauna. A kan tebur kuma ban gani ba saboda a kan tebur rijiya ba ta ƙafewa. Na kira abokin nan nawa na ba shi labari sai ya ce kai, ai na san da wannan, na ma yi niyyar gaya maka. Na yi shiru kawai don in na yi magana zumunci zai taɓu.

Tun daga nan na canza yadda muke riƙon abin, kuma ba wata fasaha na ƙirƙiro ba, leƙa gidan maƙwabta na yi. In ka duba OpenWrt, wanda ake sa wa a na'urorin raba intanet, ko Buildroot mai haɗa Linux don ƙananan na'urori, za ka ga kowane zubin binutils da foldar facinsa daban, an sa musu lamba a jere. Debian, masu haɗa wani nau'in Linux, suna da fayil mai suna series da ke faɗin wanne ke bin wanne, da manhajar quilt da ke liƙawa tana ɓarewa ɗaya bayan ɗaya kamar jera kwanuka. Ni na zaɓi Git, manhajar da ke ajiye tarihin kowane canji, kowane faci ya zama ajiya guda mai zaman kanta a kan na asali, in sabon zubi ya fito in ɗauke su in sake dasa su a kansa, inda aka yi karo ya nuna min ɓangarorin duka. Kuma na kafa doka a shagon, ba a karɓar faci sai da takardar haihuwa a samansa, me ya karye, ya aka gane, wa ya rubuta, daga ina, an aika wa masu asali ko ba a aika ba, kuma yaushe za a iya jefar da shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi muhimmanci a wajena. Da Hausa ma muke rubuta namu na cikin gida, don yaron shago ya karanta ya gane.

Sai gwaji. Ashe gas yana da nasa ɗakin gwaji, fayil ɗaya mai ƙarewa da .s ka rubuta umarnin, ɗaya mai ƙarewa da .d ka rubuta abin da kake sa ran ya fito har da lambar, sai ka ce make check-gas ya bi su duka. Na zauna da takardar bayanin aisin na kwafo lambar kowane umarni namu da hannuna daga takardar, ba daga bakin objdump ba, na ga abin da ya yi min. Yanzu in lamba ta goce tun a shago za a yi min ihu ba a gonar mutane ba. Na kuma samo bokiti da tiyo na haɗa ƙaramar rijiya a bayan shago wadda nake iya ƙafar da ita da gangan, maƙwabcina mai gyaran fanka yana ta min dariya wai injiniyan bokiti.

Da na bi su da wannan ido sai na ga ashe cikin 14 ɗin nan uku an daɗe da gyara matsalarsu a gidan asali, muna ta dakon gawa. Biyu kuma na umarnin da sau ɗaya tak muke amfani da su ne, waɗannan ba sa buƙatar faci sam, gas na RISC-V yana da wata hanya mai suna .insn da za ka ba shi lambar kai tsaye a cikin rubutunka ya rubuta ba tare da ya san sunan ba. Saura tara. A cikin taran akwai ɗaya da ba na kamfanin ba ne, kuskure ne na gaske da abokina ya gano ya gyara ya ajiye a aljihu, kuma irin wannan shi ya kamata a wanke a aika wa masu kula da binutils, in sun karɓa ya zama nauyinsu, duk wanda zai canza wajen nan gaba shi zai lura da shi, kai ka huta har abada. Ina kan shirya shi, Turancin nawa ne yake ɗan ba ni kunya amma zan aika.

A nan ne nake da ƙorafi a kan mu kanmu Malam Edita. Muna da wata ɗabi'a a sana'a, daga gareji har Farm Centre har masu kwamfuta, ta ɓoye lakani, oga ba zai nuna wa yaro wajen da ake taɓawa ba sai ya aike shi sayen ruwa sannan ya taɓa, wai kar ya ƙwace masa kwastoma. A gyaran waya wataƙila ka ci riba da wannan na ɗan lokaci. A harkar faci kuwa kanka kake cuta, don facin da ka ɓoye kai kaɗai za ka yi ta ɗaukarsa duk wata shida har ka tsufa, ranar da ka kwanta asibiti kuma shagon ya kwanta tare da kai. Ni abokina ba mugunta ya yi ba na sani, sakaci ne da ganin ai ina nan, amma sakamakon ɗaya ne da na mai ɓoyewa. Ga shi kuma binutils a ƙarƙashin lasisin GPL yake, wanda ya ce in ka gyara ka raba wa mutane ginannen to dole ka ba su asalin rubutun gyaran, saboda haka in kamfani ya miƙo maka ginannen asembila haƙƙinka ne ka ce ina rubutun, ba roƙo ba ne.

Kuma akwai maganar tsaro wadda ita ma ba ma ɗaukarta da nauyi. Nawa ne a cikinmu suke karɓar kayan gini a filash daga hannun wani wanda shi ma a hannun wani ya karɓa, babu wanda ya san me ke ciki? Tun 1984 Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, tsohuwar manhajar tafiyar da kwamfuta, ya nuna cewa ana iya koya wa kwamfaila ya dinga cusa ɓarauniyar ƙofa a abin da yake ginawa alhali rubutun da kake karantawa fes yake. A Maris ɗin 2024 kuma aka kama irin wannan ƙofa a manhajar xz mai matse fayiloli, an ɓoye ta a cikin kayan gini da fayilolin gwaji, wani injiniya Andres Freund ya gano ta saboda kawai ya lura shiga wata na'ura yana ƙara ɗaukar kusan rabin daƙiƙa. Faci tara da na karanta na san abin da kowanne yake yi sun fi min kwanciyar hankali a kan ginannen abu da ban san uwarsa ban san ubansa ba.

Roƙona ga malamanmu na sashen kwamfuta da na lantarki, a Jami'ar Bayero da ta Wudil da Poli da sauransu, don Allah a cikin ayyukan da ake ba ɗalibai a sa irin wannan ko sau ɗaya ne. A ba yaro tsohon faci da sabon zubi a ce ya kai shi, ya ga .rej da idonsa, ya ƙara umarni ɗaya a tebur ya rubuta masa gwaji. Ba ya buƙatar kuɗi, rubutun binutils kyauta ne a shafin intanet na sourceware, laftof mai matsakaicin ƙarfi tana gina shi, datar saukewa kawai. Yaron shagonmu da ko difloma bai gama ba yanzu shi ke fara ɗaukar facin in sabon zubi ya fito ni in duba bayansa, rannan har ya kama ni na bar fuzz ya wuce ban duba ba, ya ce Oga wannan fa kirdado ya yi, na ce to Malam na ji.

Ku kuma a jarida ku ɗan dinga leƙo irinmu, akwai masu wannan aikin a lunguna, masu gyaran injinan masaƙa da na buga leda a Sharada da Bompai ma na san suna da nasu labarin tsofaffin na'urori da babu mai taɓa manhajarsu sai mutum ɗaya. In akwai mai karatu da yake amfani da irin aisin nan namu yana fama shi kaɗai, ya nemi edita a haɗa mu, facina tara suna nan da bayaninsu da gwajinsu zan ba shi kyauta, in ya so mu raba, shi ya riƙe na teburin lambobi ni in riƙe na tc-riscv.c, don sabon zubi yana nan tafe nan da 'yan watanni kuma na riga na hango wajen da faci na shida zai faɗi.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naku mai karatu,
daga Gadon Ƙaya, Kano